Fiziks na Daskararrun Abubuwa: Abin da Ya Kamata Ɗalibi Ya Sani Kafin Ya Shiga Ajin

Duk wanda ya karanta fiziks a jami'a, a Zariya ne ko a Kano ko a Ingila, sai ya ratsa wannan kwas, galibi a aji uku ko na huɗu. Shi ne ilimin da ke bayyana abin da ya sa jan ƙarfe ke ɗaukar wutar lantarki, gilashi ba ya ɗauka, silikon kuma ya tsaya tsakani. Ɗalibai da yawa sukan shiga da kwanciyar hankali, kafin wata guda su fara cewa ba su gane inda malam ya dosa ba.

Me ya sa yake da wuya?

Kwas ɗin yana tattaro duk abin da aka koya a baya: ka'idojin kwantum, lissafin zafi, lantarki da maganaɗisu. Wanda ya yi musu haddar cin jarrabawa kawai, a nan asirinsa ke tonuwa. Ga kuma yawan abin da ake magana a kai. Guntun jan ƙarfe mai santimita ɗaya ta kowane ɓangare yana ɗauke da ƙwayoyin zarra kimanin 85 da sifiri 21 a bayanta. Babu kwamfutar da za ta bi su ɗaya bayan ɗaya.

Mabuɗin kwas ɗin

Sirrin shi ne maimaituwa. A cikin kiristal, ƙwayoyin zarra suna jere ne bisa tsari ɗaya da ke ta maimaita kansa, kamar saƙar tabarma: idan ka fahimci gida ɗaya na saƙar, ka fahimci tabarmar duka. A 1848 Bafaranshe Auguste Bravais ya nuna cewa irin wannan jeri iri 14 ne kacal. A 1928 Felix Bloch ya nuna yadda ilaktaron ke tafiya a cikin jerin tamkar igiyar ruwa mai ratsawa. Ɗalibin da ya riƙe wannan tunani zai ga kusan kowane babi daga gare shi ya tsiro.

Inda aka fi yin tuntuɓe

Babin da ya fi rikita ɗalibai shi ne na jerin juyi, inda tazara mai faɗi tsakanin ƙwayoyi ke komawa ƙarama, ƙarama kuma ta koma mai faɗi. Da yawa suna ɗauka wasan lissafi ne. Alhali abu ne da ake gani da ido. A 1912 Max von Laue da abokan aikinsa a Jamus suka haska hasken eksire a kan kiristal, sai ɗige-ɗige suka fito a kan faranti. Waɗannan ɗige-ɗige hoton jerin juyi ne. William Bragg da ɗansa Lawrence suka yi amfani da su wajen gano yadda ƙwayoyin gishiri suke zaune, suka sami kyautar Nobel a 1915, ɗan yana da shekara 25.

Ƙorafi na biyu shi ne: me ya sa ake koya mana ka'idar da za a rushe mako mai zuwa? Paul Drude a 1900 ya ɗauki ilaktaron a ƙarfe a matsayin iska mai yawo. Ya dace wajen bayanin gudun lantarki, ya kuskure wajen yawan zafin da ilaktaron ke riƙewa. Arnold Sommerfeld ya gyara wannan a 1927 da ka'idojin kwantum, amma bai amsa dalilin da ya sa wasu abubuwa ba sa ɗaukar wuta ba. Amsar ta zo ne da ka'idar giɓin makamashi: giɓin silikon kusan ilaktaron-bolt 1.1 ne, na daimon kuwa 5.5. Kowace ka'ida tana nuna wa ɗalibi tambayar da ta gaba za ta amsa, shi ya sa ba a tsallake ta.

Amfaninsa da yadda za a tunkare shi

Daga wannan ɗan giɓi na silikon ake ƙera farantan sola da ke kan rufin gidajenmu da ƙwaƙwalwar wayar hannu. Transisto kansa, wanda aka ƙera a ɗakin binciken Bell a Amurka a 1947, ɗan wannan ilimi ne.

Littafin Charles Kittel, wanda ya fara fitowa a 1953, shi malamai suka fi ba da shi, sai dai yakan taƙaita bayani. Na Ashcroft da Mermin na 1976 ya fi zurfi da nauyi. Na Steven Simon na 2013 ya fi sauƙin shiga ga mafari. Kada ɗalibi ya dogara da ɗaya. Ya sake bitar kwantum tun lokacin hutu, ya zana jerin ƙwayoyi da hannunsa a takarda kafin ya shiga lissafi, ya riƙa warware tambayoyin ƙarshen babi tare da abokan karatu kowane mako. Wanda ya bari sai daren jarrabawa zai iya haddace sunayen jeri 14, amma ba zai iya faɗin abin da ya sa sola ke ba da wuta ba.