Yadda ake auna matsin dutse a mahaƙar ma'adinai

Dutsen da ke can ƙarƙashin ƙasa a matse yake ta kowace fuska, kuma da zarar an buɗe rami a cikinsa sai nauyin ya koma kan bangon ramin, wanda kan tsattsage sannu a hankali ko ya fashe farat ɗaya a kan ma'aikata. Matsin da ke dannowa daga sama ba shi da wuyar lissafi, domin kowace kilomita ta zurfi tana ƙara kimanin megafaskal 27, kuma megafaskal ɗaya ya yi daidai da nauyin tan 100 a kan murabba'in mita guda; shi ya sa a mahaƙar zinariya ta Mponeng da ke Afirka ta Kudu, mai zurfin kusan kilomita 4, matsin yake haura megafaskal 100. Matsin gefe ne ba ya lissaftuwa, tun da wani mai bincike, Nils Hast, ya nuna a Suwidin a 1958 cewa sau da yawa yakan fi na sama ƙarfi.

Ba a iya auna matsi kai tsaye, sai dai a taɓa dutsen a ga yadda zai motsa. A dabarar da wani mai bincike, E. R. Leeman, ya inganta a Afirka ta Kudu a shekarun 1960, ana huda dutsen, a goge ƙarshen hudar ya yi sumul, a manna masa ƙaramin ma'auni mai siraran wayoyi, sannan a yanko kewayen wurin da bakin inji mai kama da bututu. Guntun da aka raba da uwarsa yakan ɗan saki jiki, sakin da ido ba ya gani amma wayoyin suna kamawa, kuma daga nan ake lissafo matsin da yake ciki, bayan an gwada taurin guntun a ɗakin gwaji. Raunin dabarar shi ne danshi kan hana gam kamawa, kuma inda matsi ya yi tsanani guntun kan tsintsinke faifai-faifai kafin a gama yankan.

Inda hannu ba ya kaiwa, akan toshe wani sashe na rijiyar burtsatse da robobi biyu, a tura ruwa tsakaninsu har bangon ya tsage. Tsagar kan bi fuskar matsi mafi girma, ƙarfin ruwan da ke hana ta rufewa kuwa shi ke nuna mafi ƙanƙanta. Sai dai kowane awo labarin ɗan wurin da aka taɓa kawai yake bayarwa, don haka injiniyoyi kan maimaita shi a wurare da dama kafin su tsayar da faɗin ginshiƙan dutsen da za a bari su tokare rufin.