Sankarar huhu da ta maƙoƙo: Wa sabon maganin haɗiya ke yi wa aiki?

A watan Mayun 2020 ne Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta amince da selpercatinib, maganin da ake haɗiya sau biyu a rana domin yaƙar sankarar huhu da ta maƙoƙo da suka riga suka bazu a jiki.

Saɓanin kemoterafi, wanda ke illa ga lafiyayyun ƙwayoyin jiki tare da masu cutar, wannan magani yana toshe aikin wata gurɓatacciyar ƙwayar halitta mai suna RET, wadda ke sa ƙari girma. Sai dai kashi 1 zuwa 2 cikin 100 kacal na masu nau'in sankarar huhu mafi yawa ke ɗauke da ita, don haka tilas a gwada tsokar ƙarin kafin a rubuta shi.

Maganin yana rage ƙari, amma ba ya warkarwa. Yana da tsada matuƙa, kuma yakan jawo hawan jini da matsalar hanta.

Ga mazauna Gwarzo da Kabo, matakin farko shi ne ganin likita. Tarin da ya ƙi jin maganin tarin fuka, ko kumburin wuya mai tauri tare da dashewar murya, dalili ne na neman takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.