Ko Kun Sani? Ciwon Sukari da Ragwancin Tayirod

Ko kun san cewa masu ciwon sukari nau'i na 2 sun fi sauran mutane fama da raguwar aikin tayirod, wato gaɓar nan ta gaban wuya wadda kumburinta ke zama maƙoƙo? Idan ta yi sanyi, jiki yakan rage ƙona abinci, ƙiba ta ƙaru, kitsen jini ya hau, insulin kuma ya rage tasiri. Abin takaici, alamominta, kasala da jin sanyi da bushewar fata da taurin bayan gida, sau da yawa akan ɗora su a kan sukarin ko tsufa. Mata ta fi kamawa.

Arewacin Ghana ya daɗe da sanin maƙoƙo saboda ƙarancin sinadarin aidin, shi ya sa tun 1996 doka ta wajabta sanya shi cikin gishiri.

Gwajin jini na TSH ke gano raguwar aikin tayirod. Wanda ya fara shan maganinta, levothyroxine, sukarinsa na iya hawa, sai likita ya daidaita magunguna. Jama'ar Zogbeli da ke Tamale, in kun je Asibitin Tamale West auna sukari, ku tambayi likita batun tayirod.