Ƙurar Zamani da Ƙurar Hannu

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Maiduguri, in ya wuce Wudil ya iso Birnin Kudu, zai tarar da manyan duwatsu a gefen gari. A jikin kogunan Dutsen Mesa da Dutsen Habude akwai surorin shanu waɗanda mutanen dā suka zana da jan launi da fari. Shanun nan ba su da tozo, watau ba irin na Fulanin yau ba ne. A 1955 Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan tarihi na Jos, ya binciki wurin, har ya bayyana wa duniya duwatsun nan masu amo kamar ƙararrawa. Abin da ke shaida tsufan zanen kuwa shi ne yadda launinsa ya dushe, ƙurar hunturu ta shekaru barkatai ta shige cikin ƙofofin dutsen ta zama jiki ɗaya da shi.

To, wannan kama da zamani ya daɗe yana yi, akwai masu ƙoƙarin yin ta da hannu cikin dare ɗaya. A Ingila da sauran ƙasashen Turai ana wasan yaƙi bisa tebur da 'yan mutum-mutumi na sojoji da dawaki da motoci, tsawon soja bai fi milimita 28 zuwa 32 ba. Marubuci H. G. Wells ya tsara wa irin wasan nan dokoki a 1913, sa'an nan kamfanin Games Workshop, wanda aka kafa a London a 1975, ya yaɗa shi cikin duniya. Masu wasan su ne ke yi wa abinsu fenti, kuma a wurinsu mota mai sheƙi kamar amarya ba ta yi kama da wadda ta je fagen fama ba, sai an ɗora mata ƙura.

Malamin da ya taɓa haɗa tawada da ƙaro ba zai sha wuyar gane aikin ba, gama asalinsa gari ne da abin riƙe shi. Ana samun garin launi mai laushi ƙwarai, na jar ƙasa ko rawaya ko mai ruwan toka, a ɗiba kaɗan da busasshen buroshi, a daddanna shi cikin lunguna. Bayan haka sai a ɗiga ruwan sinadari mai saurin bushewa a gefe, ya bi ya jiƙa garin ba tare da an shafa ba, domin ya kama. Daga ƙarshe a goge tudun da yatsa ko auduga, fentin asali ya sake fitowa.

Gwanaye suna kiyaye ƙa'ida uku, kuma duk wanda ya tsaya ya dubi babbar motar da ta taso daga Gwaram da rani zai gan su a fili. Ta fari, ƙura daga ƙasa take tasowa, saboda haka ta fi yawa ga taya da ƙafafu da bakin riga, tana raguwa in an yi sama. Ta biyu, tana taruwa a lungu da rami, ba ta zama inda hannu ke yawan taɓawa. Ta uku, launinta na ƙasar da aka bi ne: ƙurar hanyar burji ja ce, alhali hazon hunturu, wanda iska ke ɗaukowa daga kwarin Bodele a Chadi, fari-fari ne. Wanda ya barbaɗe ko'ina daidai wa daida ya ɓata aikinsa.

A nan ne fatake ya kamata su buɗe ido. Mai wasan tebur ba ya ruɗin kowa, gama mai saye ya san ƙurar ta hannu ce, ita ma ya biya wa kuɗi. Amma wannan dabara ita ce waɗansu 'yan koli ke yi wa sabuwar sassaƙa. Masani Christopher Steiner, cikin littafinsa na 1994 game da kasuwar kayan sassaƙa ta Abijan, inda Hausawa ke da yawa, ya bayyana yadda ake tsofar da sabon abu da hayaƙi da ruwan goro don a sayar a matsayin na kakanni. Aikin hannu ɗaya ne, amma in an faɗa wa mai saye, sana'a ce. In an ɓoye masa, algus ne.

Ƙa'idojin nan uku su ne ma'aunin mai saye. Ya duba ko inda hannu ke riƙewa ya siɗe, ko kuwa datti ya rufe ko'ina bai ɗaya. Ya sansana ko akwai warin sabon hayaƙi. Ya shafa farin ƙyalle ya ga abin da zai biyo shi.

Shanun Birnin Kudu kuwa, hakkinsu a kan mai ziyara shi ne kada ya zuba musu ruwa don launi ya fito, kada ya goge, kada ya rubuta sunansa a kai. Ƙurar hannu in ta ɓaci a sake ta gobe, amma zanen nan in ya kankare babu mai mayar da shi. Allah Ya sa a kiyaye.