Mawaƙi a Kan Hanya: Abin da Ya Kamata Ku Sani

A Amurka da Ingila, idan tauraron kiɗan rok ya fara manyanta, abin da ake jira daga gare shi littafi ne. Sai ya zauna, shi kaɗai ko da marubuci a gefensa, ya zazzage labarin shekarun da ya kwashe yana yawo gari-gari: motar da aka kwana a ciki, masaukin da aka yi wa ɓarna, kuɗin da suka shigo da yadda suka zurare. David Lee Roth, tsohon jagoran mawaƙan ƙungiyar Van Halen, mai dogon gashi da tufafi masu walƙiya da tsalle-tsalle a kan dandamali, ya fitar da nasa a 1997, ya sa masa suna Crazy from the Heat. Steven Tyler na Aerosmith ya fitar da nasa a 2011. A nan Nijeriya ma Carlos Moore ya zauna da Fela Kuti, aka buga labarin rayuwarsa a 1982, galibinsa daga bakin Fela.

Yawancin abin da ke cikin irin waɗannan littattafai cika-baki ne da labarin sharholiya. Amma mai haƙuri yakan tsinci sirrin sana'a a tsakiyar hayaniyar. A cikin doguwar yarjejeniyar da Van Halen kan aika wa masu gayyatarsu akwai wani sharaɗi: a ajiye musu kwanon alewar M&M's, amma a tsince duk masu ruwan ƙasa. An daɗe ana ba da labarin a matsayin tsabar iyayi. Roth ya ce dabara ce. Da tireloli suke tafiya, maƙare da fitilu da lasifikoki masu nauyin gaske. Idan ya leƙa kwanon ya ga alewa mai ruwan ƙasa, ya san ba a karanta takardar da kyau ba, sai a koma a duba wayoyin lantarki da ƙarfin dandamali tun daga farko.

To mu fa, wa ke gare mu? Idan ana neman mutumin da ya haɗa murya da isa da baki da yawon duniya, ba sai an yi dogon lalube ba. Alhaji Mamman Shata ne. An haife shi a Musawa a 1923, ya yi zama mai tsawo a Funtuwa, ya rasu a Kano ranar 18 ga Yuni, 1999, aka kai shi Daura aka binne. Bai gaji waƙa ba, mahaifinsa ma bai so ba. Da tallan goro da alewa ya fara. Daga dandalin ƙauye ya kai ga zagaye ƙasar Hausa da Afirka ta Yamma, ya je Makka, ya je Turai da Amurka, ya yi wa sojojin tarayya waƙa lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta.

Shata bai zauna ya rubuta littafi ba. Wasu ne suka rubuta a kansa. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975. A 2006 Ibrahim Sheme da Yusuf Tijjani Albasu da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara da Ali Malami suka fitar da Shata Ikon Allah!, littafi mai kauri da ya bi rayuwarsa tun daga Musawa. Sai dai a ganina labarin tafiyarsa na asali yana cikin waƙoƙin. Ku saurari duk wata doguwar waƙarsa da kunnen mai neman hanya, za ku ji yana jero garuruwa da tashoshi, da wanda ya sauke shi, da wanda ya yi masa alheri, da wanda ya juya masa baya. Direba ma ya samu tasa waƙar, ga ta Bawa Direba nan, domin wanda rabin rayuwarsa a mota take ya san darajar mai riƙe da sitiyari.

Mutumin karkara, kamar na Dawakin Tofa, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan lokacin fitar makaɗa, don da gonarsa ake lissafin. Da damina kowa yana duƙe, aljihu babu komai, danshi kuma yana kashe muryar fatar ganga. Sai an yanke gero, an sare dawa, an cire gyaɗa, an rore wake, buhuna sun kama hanyar kasuwar hatsi ta Dawanau, sannan ake sa ranakun aure, a buɗe fagen dambe, a yi kalankuwa. Nan ne kakar makaɗi take. Babban titin Kano zuwa Katsina, wanda ya ratsa ta Dawanau ya nufi Bichi, yana cikin hanyoyin da suka haɗa Kano da ƙasar su Shata, kuma Bichin ma tana cikin kundinsa, albarkacin waƙar Garban Bichi.

Tawagar Shata ba ta da tirela. Akwai shi mai waƙa, da makaɗan kalangu, da 'yan amshi, da maroƙi ko sanƙira, da direba. Kalangu ice ne da aka fafe mai siririn ƙugu, fata a baki biyu, tsarkiyoyi sun haɗa su. Makaɗi yana rataye shi ya matse a hammata. In ya matsa murya ta hau, in ya saki ta sauka, shi ya sa yake iya kiran sunan mutum ba tare da an buɗe baki ba. Asalinsa kiɗan mahauta ne da na 'yan mata a dandali, Shata ya shigar da shi fada da gidan rediyo. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya fi kowa sauƙin kaya: kuntiginsa gwangwani ne da aka rufe da fata, tsarkiya ɗaya, ba ɗan amshi ko guda. Shi kuma yaron mota ya ɗauka ya yi wa waƙa.

Wajen kuɗi ne bambancin ya fi fitowa. Su Roth tikiti suke sayarwa, kuma kafin su bar gida an riga an sa hannu kan abin da za a biya. Makaɗin Hausa na wancan zamani da kyauta yake rayuwa. Mai gayyata ya ba da masauki da abinci, sauran kuma sai an shiga fili. Attajiri ya miƙo kuɗi, sanƙira ya karɓa ya ɗaga sama, ya faɗi sunan mai kyautar da na ubansa da adadin abin da ya bayar, da ƙarfi, yadda na kusa da shi zai ji kunya ya sa hannu a aljihu. Wani riga zai tuɓe, wani ya ba da doki, wani mota, wani kujerar Makka. In an koma masauki, ubangida ne ke rabo, kowa gwargwadon matsayinsa, kuma nan ne rigimar tawaga takan tashi. Yaro ya ga kasonsa bai kai wahalarsa ba, sai ya ɓalle ya kafa tasa.

Tunda ba takarda, me ke hana a ci haƙƙin makaɗi? Bakinsa. Wanda ya yi alkawari ya saɓa ya san gobe zai iya jin kansa a waƙa, ba a kira sunansa ba amma duk gari an gane shi. Gagarabadau tana nan har yau, shaida ce kan abin da zambon Shata ke iya yi wa mutum. Wannan 'yanci bai samu ga kowa ba. Makaɗin fada irin Narambaɗa, wanda ya tsaya ga Sarkin Gobir na Isa Amadu, yana da inuwa tabbatacciya amma ba ya sakin baki yadda ya ga dama. Shata makaɗin jama'a ne. Ya yi wa sarki, ya yi wa ɗan kasuwa, ya yi wa mashaya, ya yi wa Manzon Allah, har kumbon Apollo 11 bai tsira ba. Malamai da dama ba su ji daɗin wasu daga ciki ba, kuma suna da hujjarsu.

Abu guda da ya kamata mai sauraro ya riƙe: mawaƙi in yana ba da labarin kansa, kirari yake yi. Bakandamiya, wadda Shata ya kambama kansa a ciki, ba a yi ta don lissafin tarihi ba, kamar yadda littafin Roth ba rahoton kotu ba ne. An yi su ne don a nuna waye gwani. Ga kuma wata matsala ta musamman ga Shata: ba ya maimaita waƙa daidai da yadda ya yi ta jiya. Nan take yake ƙirƙira, yana kallon fuskokin da ke gabansa. Wadda aka ɗauka a Rediyon Kaduna daban, wadda wani ya naɗa a kaset a gidan biki daban, amshi ɗaya amma sunaye da garuruwa sun sauya. Shi ya sa mai bin sawun tafiye-tafiyensa ba ya dogara da kaset guda. Sai ya tara da yawa ya gwama su, sannan ya nemi makaɗa da 'yan amshi da direbobin da suka yi saura, ya tambaye su wace shekara ce, kuma wa ya sauke su.