Kar a jefar da bobin ɗin tsohuwar rediyo

Lokaci-lokaci, a kasuwannin iyaka kamar Birnin Konni da Ɗan Isa, akan kawo tsohuwar rediyo mai fitilun gilashi a ciki, ƙirar Philips ko Grundig, irin wadda tiransisto ya ture a shekarun 1960. Wani lokaci laima ce ke cinye siririyar wayar bobin, wato naɗin da ke kamo tasha.

Sabonsa da wuya a samu. Sai dai mai gyara ya kwance tsohon sannu a hankali, ya ƙirga zagayen, ya lura da ɓangaren da aka naɗa, sannan ya maido waya mai kauri ɗaya bisa bututun asali. In zagaye ya ƙaru ko ya ragu, tashoshi sai su gusa.

Saboda haka ɗan kasuwa, ko bobin ya tsinke, ka adana shi. Shi ne ma'aunin sabon.