Babi na Tara: Jitar da Aka Sassaƙa a Gida

Duk mai son ya fahimci yadda himma take maye gurbin dukiya, to ya dubi labarin Brian May, makaɗin ƙungiyar Queen ta ƙasar Ingila, wanda a shekarar 1963, yana ɗan shekara 16, ya yi sha'awar mallakar jita mai aiki da lantarki, alhali kuwa gidansu ba su da halin sayen irin waɗanda ke kanti. Sai shi da mahaifinsa, wanda Allah ya hore wa ilmin lantarki, suka ƙudura niyyar ƙera tasu, suka kuwa shafe kusan shekara biyu a kanta.

Wuyan jitar sun fafe shi ne daga wani katako dangin maɗaci, wanda ya haura shekara ɗari a bakin murhun ɗumama ɗaki, har ƙwari sun huhhuda shi, sai da yaron ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya yana toshewa da tsinken ashana. Alamomin ɗora yatsu daga maɓallan ɗinkin mahaifiyarsa aka yanko su, sifirin biyu kuma daga tsohon babur. Bayan haka suka shafa wa katakon launi ja, suka bi shi da man sheƙi, su shafa, su bari ya bushe, su goge, su sake shafawa, domin ƙarshen aiki shi ne ma'aunin haƙurin ma'aikaci.

Amma asirin wannan kayan kiɗa yana ƙarƙashin tsirkiya ne, inda ake kafa maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a bisansa, sai ta haifar da ɗan lantarki, wanda na'ura take ƙarfafawa har ya fita ta lasifika. Da farko da hannunsa Brian ya naɗa nasa maganaɗisun, daga baya ya sayi na kamfanin Burns, kuma har yau da kwabon sisi yake kaɗa ta.

Wannan jita, da ake kira Red Special, ita ce ya kaɗa a bisa rufin fadar Sarauniyar Ingila a 2002. Saboda haka, ya kai mai karatu, kada ka raina abin da ke hannunka, domin da haƙuri da basira itacen da aka yar yakan shiga fada.